Takobi, Takarda da Gari: Yadda Sifaniyawa Suka Zauna a Ƙasashen Amurka

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu, 'yan uwa ɗalibai, ina gaisuwa. Waɗanda ke can baya in ba ku jin muryata ku ɗaga hannu a ƙara sautin lasifikar. Toh madalla.

Zan fara da shekarar 1492, amma ba daga teku ba. Ran 2 ga Janairu na wannan shekarar sarkin Garnaɗa Abu Abdullahi ya miƙa makullan birni ga sarakunan Sifaniya, Fardinan da matarsa Isabela, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ta faɗi kenan. A cikin watan Afrilu, a sansanin Santa Fe da aka gina don yaƙin Garnaɗan, a nan aka sa hannu a yarjejeniya da Kiristofa Kolombus, ran 12 ga Oktoba kuma jiragensa 3 suka isa wani tsibiri a Bahamas. Ina so ku riƙe wannan domin mutanen da suka bi bayansa 'ya'yan gidajen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna yaƙin iyaka ne, sun saba in an ci gari a raba ƙasa da mutanen cikinta ga mayaƙa, a cire wa sarki kashi ɗaya cikin biyar na ganima, wato abin da mu muka sani da humusi. Da wannan tarbiyyar suka tsallaka ruwa. Har Kortes, wanda ya ci Meziko da yaƙi, da ya ga ɗakunan bautar mutanen Meziko, a wasiƙun da ya aika wa sarki masallatai ya riƙa kiransu, don idonsa da abin da ya saba gani kenan.

Abin da na zo faɗa yau guda ne. Ana yawan ba mu labarin kamar wasu jarumai 'yan ƙalilan ne da bindiga da doki suka rusa dauloli, shikenan. Yaƙin ya faru, jini ya zuba sosai, amma abin da ya zaunar da mulkin har shekara 300 shi ne kafa gari, da rubuta takarda, da raba mutane a sa su aikin dole.

Mu duba tsibirin Hispaniola, inda yau Haiti da Jamhuriyar Dominika suke. Tafiyar farko Kolombus ya bar mutum 39 a wani ɗan sansani, da ya dawo a 1493 ya tarar duk an kashe su. Amma dawowar nan da jirage 17 ya yi ta, da mutane sama da 1,000, da dawaki da aladu da shanu da irin rake, kun ga wanda ya ɗauko irin shuka ai ba ziyara ya zo ba. Mutanen tsibirin, Taino, aka ɗora musu haraji: duk wanda ya kai shekara 14 ya kawo zinariya cikin wata 'yar ƙararrawa duk bayan wata 3, a wurin da zinariyar ma ba ta da yawa. Da abin ya ƙi, sai aka koma tsarin da suke kira enkomiyenda. Ma'anar kalmar kusa take da amana, wai an ba Basifaniye amanar mutanen wani ƙauye ya koya musu addinin Kirista, su kuma su yi masa aiki. A zahiri mutum ne za a ɗauke daga gonarsa wata da watanni yana tonon zinariya a bakin rafi, gona ta mutu, yara su kwana da yunwa, mata su daina haihuwa. Lokacin da aka yi ƙidayar rabon mutane a 1514, kusan 26,000 kawai aka samu a tsibirin da a da mutanensa dubban ɗaruruwa ne, kuma wannan tun kafin agana ta shigo a ƙarshen 1518. Ina jaddada wannan saboda masu son wanke su sukan ce ai cuta ce ta kashe mutane. Cuta ta kashe, ƙwarai kuwa, amma ta tarar da jikin da aiki da yunwa suka riga suka gama da shi.

Akwai wata takarda da wallahi duk lokacin da na tuna ta sai raina ya ɓaci. A 1513 wani lauyan fada, Palacios Rubios, ya rubuta sanarwar da ake karantawa kafin a kai hari. A ciki ana gaya wa mutane cewa Fafaroma ya ba sarkin Sifaniya ƙasarsu, su miƙa wuya, in sun ƙi za a yaƙe su a bautar da matansu da 'ya'yansu kuma laifin a wuyansu yake. Da Sifaniyanci ake karanta ta ga mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya, wani lokacin daga kan jirgi, wani lokacin ga ƙauyen da kowa ya gudu, akawu na tsaye a gefe yana rubuta shaida cewa an karanta. Ku kula da akawun nan, zai sake fitowa.

Yanzu Kortes. A 1519 ya taso daga Kyuba da mutum wajen 500 da dawaki 16, kuma gwamnan Kyuba Belaskes ya riga ya janye izinin da ya ba shi, wato a doka ɗan tawaye ne. To me ya yi da ya sauka gaɓar Meziko? Shi mutum ne da ya taɓa aikin akawun kotu, ya san doka. Sai ya sa mutanensa suka kafa gari a kan rairayi, suka sa masa suna Berakurus, suka naɗa majalisar gari da alƙalai, shi kuma ya ajiye muƙamin da gwamna ya ba shi, majalisar da shi ya kafa ta juyo ta naɗa shi shugaban yaƙi a madadin sarki kai tsaye. Garin da ko katanga bai da ita ya zama hujjarsa a gaban sarki. Bayan nan ya nutsar da jiragen don kar wani ya koma Kyuba ya kai tsegumi.

Mutum 500 ba za su ci birnin Tenochtitlan ba, birnin da ke tsakiyar tafki, mai hanyoyi a kan ruwa da kasuwar da ta ba su mamaki, wanda ya fi Ishbiliya ta Sifaniya girma a lokacin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen Tlaxcala sun daɗe suna gaba da Aztek, wato masu mulkin Tenochtitlan, da farko ma sun yaƙi Kortes sannan suka ga za su iya amfani da shi. Ga wata baiwa Malintzin da aka ba shi kyauta, tana jin harshen Maya da na Nahuwatil, ta bakinta duk maganar ke bi. Ya shiga birnin ran 8 ga Nuwamba 1519, ya kama sarki Moktezuma a cikin fadarsa, amma a daren 30 ga Yuni 1520 mutanen gari suka fatattake su, da yawa suka nutse a tafki da zinariyar da suka ɗaure a jiki. Abin da ya juya lamarin agana ce da ta shigo a wannan shekarar ta kashe har sabon sarki Kuitlahuak, sai kuma dubun dubatar mayaƙan ƙasar da suka tsaya tare da Kortes a kewayen birnin, da ƙananan jirage 13 da ya sa aka sassaƙa aka ɗauko a ka aka harhaɗa a bakin tafki. Ran 13 ga Agusta 1521 aka kama sarki na ƙarshe Kuwautemok. A kan kangon ne, da duwatsun ɗakunan bautar, da hannun waɗanda aka ci da yaƙi, aka gina birnin Meziko na yau.

Na Feru zan taƙaita don kusan hanya ɗaya ce. Fizaro, wanda ko karatu bai iya ba, ya isa Kahamarka da mutum 168 ya tarar daular Inka ta fito daga yaƙin basasa tsakanin 'yan uwa biyu, Atahuwalfa da Huwaskar. Ran 16 ga Nuwamba 1532 suka yi wa Atahuwalfa kwanton ɓauna a dandalin gari, ya yi alkawarin cika ɗaki da zinariya sau ɗaya da azurfa sau biyu, ya cika, suka narkar, suka cire humusin sarki, a Yulin 1533 suka kashe shi duk da haka. Ran 18 ga Janairu 1535 Fizaro ya kafa Lima kusa da teku. Kun ga garin ya sake fitowa.

Ku fahimci cewa waɗannan mutane ba sojojin gwamnati ba ne masu albashi. Kamar haɗin gwiwar kasuwanci ne, wannan ya kawo doki, wancan ya ci bashi ya sayi sulke, mai doki rabonsa ya ninka na mai ƙafa. Zinariya kuwa rabo ɗaya ce ta ƙare. Abin da kowa ke nema shi ne a rubuta sunansa cikin mazauna sabon gari, a yanka masa fili kusa da dandali, a ba shi ƙauyukan da za su ciyar da shi da jikokinsa. Shi ya sa daga Meziko har Ajantina za ka ga fasali ɗaya, dandali a tsakiya, coci a gefe, gidan majalisa a ɗaya gefen, tituna miƙaƙƙu kamar an ja da igiya, kuma a 1573 sarki Filib na biyu ya mayar da wannan fasalin doka. 'Yan ƙasa kuma aka tattaro su daga ƙauyukansu aka cusa a sababbin garuruwa don a ji daɗin ƙirga su da karɓar haraji.

Adalci ne in faɗa cewa a cikinsu akwai waɗanda suka ƙi. A Disambar 1511 wani limamin coci, Montesinos, ya hau mumbari a Santo Domingo ya tambayi manyan gari da wane haƙƙi suke bautar da mutanen nan, shin su ba mutane ba ne? Wani limamin kuma, Las Kasas, wanda shi kansa ya taɓa riƙe enkomiyenda ya saki, ya kwashe kusan shekara 50 yana wannan faɗan, a cikinsu ne aka yi Sababbin Dokoki a 1542 da suka hana bautar da 'yan ƙasa da gadon enkomiyenda. Mazauna Feru suka ɗauki makami, ƙanin Fizaro ya jagorance su, suka kashe wakilin sarki a 1546, sarki kuwa tun a 1545 ya riga ya janye sashen gadon.

A nan labarin ya taɓa mu. Da Taino suka ƙare ga rake na jira, sai aka juyo Afirka. A 1518 sarki Sharl ya ba da lasisin kai bayi 4,000, Las Kasas ma ya taɓa ba da shawarar kawo baƙaƙe, daga baya ya rubuta nadamarsa. A Kirsimetin 1521 bayi Wolof daga yankin Senegal suka yi bore a gonar raken ɗan Kolombus, Diyego, har a 1532 aka yi dokar hana shigo da Wolof saboda wai suna da taurin kai. Ta ɗaya ɓangaren kuma masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono da ke tukunyarmu yau duk daga can suka fito.

Wani ɗalibi ya tambaye ni kafin mu shigo, malam ina dukiyar ta fito tunda zinariya ta ƙare? Daga dutsen Fotosi, a Bolibiya ta yau, da aka gano azurfarsa a 1545, a tudun da ya kai mita 4,000. A shekarun 1570 wakilin sarki Toledo ya ɗauki tsohon tsarin aikin gayya na Inka da ake kira mita ya mayar da shi na tilas, kashi ɗaya cikin bakwai na mazan larduna 16, 'yan shekara 18 zuwa 50, wajen mutum 13,000 duk shekara. Dattawan da ke nan za su tuna diban gwamna, lokacin da aka kwashi mutane zuwa haƙar kuza a Jos a yaƙin duniya na biyu, to ku ɗauka irinsa ne amma na shekara sama da 200. Mutum zai shiga rami da kyandir, ya hau tsanin igiyar fata da buhun dutse a baya, a waje kuma wasu na tattaka garin dutsen da zaiba mai guba don a ware azurfa. Ba a soke wannan tsarin a doka ba sai 1812.

Na ga an miƙo mini takarda cewa lokacin sallah ya gabato, a nan zan dakata. Bayan mun idar sai a kawo tambayoyi, mu fara da 'yan uwa mata da ke wancan ɓangaren.