Hannun da ke riƙe da makulli: kare rumbun bayanai daga gogewar kuskure

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Aboabo a nan Kumasi muke magana.

Ku dubi allon nan. Tagogi biyu ne baƙaƙe da farin rubutu, kamar an tsaga kara. Ta hagu sabar gwaji ce (saba ita ce kwamfutar da ke riƙe da bayanai don wasu su yi aiki da su), ko an rushe ta babu mai kuka. Ta dama kuwa, mu ƙaddara ita ke riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfanin susu, wato adashi: wa ya zuba sidi nawa, wace Hajiya a kasuwar Kejetia ce ke da kwasa ranar Juma'a. Ƙarfe ɗaya na dare, faifai ya cika, waya sai ƙara take yi, mai kula da sabar kuma rabonsa da abinci tun shinkafa da waken rana. Ya rubuta rm -rf, umarnin da ke goge folda da duk abin da ke cikinta ba tare da tambaya ba, ya danna. To, a wace taga ya danna?

Kada ku ce almara ce. Ranar 31 ga Janairu 2017 hakan ta faru da kamfanin GitLab. Wani injiniyansu, a gajiye cikin dare, ya yi niyyar share foldar sabar ta biyu, ashe a kan babbar yake. Kafin ya farga ya tsayar, daga kusan gigabait 300 saura wajen 4.5. Sai aka juya ga kwafin ajiya. Hanyoyi biyar suke da su, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya ma ta daɗe da mutuwa, don manhajar ɗaukar kwafi, pg_dump, fitowa ta 9.2 ce alhali manhajar rumbun, PostgreSQL, fitowa ta 9.6 ce, saƙon imel da ya kamata ya sanar da su kuma ba ya isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan. Aikin awa shidan nan ya tafi ke nan.

Mutumin nan ƙwararre ne, kuma amintacce. Abin da ya sa nake ganin faɗa da "a riƙa kula" ba sa magance komai ke nan. Umarnin rm ba shi da kwandon shara, root kuma, wato asusun da ke da cikakken iko a kan sabar, ba ya neman izinin kowa. Mu masu wannan sana'a mun iya kafa wa ma'aikata dokoki, amma mu kanmu kwana muke a root. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Saboda haka a fara da nan. Kowa ya shiga da sunansa, ya ɗauki ikon root da umarnin sudo lokacin da buƙata ta taso kawai. A rina tagar babbar sabar ja wur, a sa sunanta ɓaro-ɓaro a kowane layi. Aikin minti biyu ne, amma idon da barci ya cika yana gane launi kafin ya karanta suna.

Akwai kuskuren da na fi ji daga matasa: "Malam, ai na mai da fayil ɗin na karantawa kawai." Ɗan'uwa, a Linux ikon goge fayil yana hannun foldar da yake ciki ne, root kuwa tsallake duka yake yi. Makullin da ke tare root shi ne chattr +i. Ga shi a allo: na ɗora shi a kan fayil, na ce rm -f, ya ƙi. Sai na cire da chattr -i tukuna, kuma kafin ka rubuta umarni na biyun hankalinka ya dawo. Amma a yi hattara, fayil mai wannan makulli ba ya karɓar rubutu, don haka kada a ɗora shi a kan rumbun da ke aiki, za a shaƙe shi. Wurinsa kwafin ajiya da aka gama ɗauka.

Idan faifai ya cika kuma, kada suna ya rude ka. Mutane da yawa sun ga foldar pg_xlog, suka ɗauka tarkacen rahoto ce, suka share, rumbu ya lalace. Har ta kai masu PostgreSQL suka sauya mata suna zuwa pg_wal a fitowa ta 10, a 2017.

Sabar ta biyu da ke kwaikwayon ta farko ba ajiya ba ce: ka goge tebur a nan, nan take ta goge a can. Ajiya ta gaskiya ita ce wadda ke wani wuri dabam, da kalmar sirri dabam, wadda mai kula da sabar ba zai iya gogewa ba ko ya so, irin abin da makullin Object Lock ke yi a ma'ajiyar intanet ta Amazon S3. Kuma duk wata a ware rana a dawo da ita a sabar gwaji, a buɗe, a nemo sunan Hajiyar Kejetia a gani da ido. Dokar kare bayanai ta Ghana, mai lamba 843 ta 2012, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a nauyin kare su daga ɓata da lalacewa, don haka maganar ta wuce tsakaninka da mai gidanka.

To, idan mai afkuwa ta afku fa? Ɗauke hannunka daga madannai, kuma kada ka sake kunna komai. Fayil ɗin da manhaja ke riƙe da shi a buɗe, kamar ibdata1 na manhajar rumbu ta MySQL, yana nan a faifai ko da sunansa ya ɓace. Umarnin lsof +L1 zai nuna maka shi, ana kuma iya kwafo shi ta foldar /proc bayan an tsayar da shigar sababbin bayanai. Amma da manhajar ta mutu, ya tafi. Mu da muka san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, kafin ka kira kowa, aika yaro ya duba ko akwai mai a janareta.