Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni a Ziyararsa Ajin Koyon Ƙwallon Tebur

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Kwamishinan Matasa da Wasanni, shugaban wannan kwalejin ilimi, shugabannin sassa, 'yan uwana malamai, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san hidima ta yi maka yawa, amma ka ware wannan hantsi ka tako har ɗan zaurenmu. A madadin sashen ilimin motsa jiki da lafiya, muna yi maka lale marhabin. Allah ya saka da alheri.

Waɗannan da ke tsaye bayan tebur 'yan shekarar farko ne, kuma iri biyu suke zo mana. Akwai waɗanda ba su taɓa riƙe bat, wato abin buga ƙwallon, ba. Akwai kuma 'yan teburin bakin titi, irin wanda ake kafawa a inuwar darbejiya, wanda aka cinye ya biya kuɗin tebur. Wallahi na farkon sun fi sauƙin koyarwa. Na biyun suna da zafin nama, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: hannu ya riga ya saba da karkataccen riƙo, ga ɓoye ƙwallo wajen sabis, wato bugun fara wasa.

Shi ya sa a makonnin farko ba ma ƙirga ci. Muna farawa da riƙo, kamar za ka yi musabaha da bat, manuniya a kwance a gindin robar da ke fuskar bat. Sai tsayuwa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Sai sabis na doka: ƙwallo a buɗaɗɗen tafin hannu, a cilla ta sama aƙalla santimita 16, abokin karawa yana kallonta har a buga.

Inda aikin yake, ranka ya daɗe, shi ne juyin ƙwallo. Faɗinta milimita 40 ne, nauyinta giram 2.7 kacal, don haka shafa kaɗan ke sauya mata hanya. Nakan shafi ƙasanta in aika wa ɗalibi, ya mayar, ta faɗa raga. In sake, ta sake faɗawa. A karo na uku sai ka ga ya tsaya yana jujjuya bat ɗinsa, yana zaton laifin daga nan yake. A nan nake ɗaukar alƙalamin maka in zana baƙin layi kewaye da ƙwallon, in aika a hankali, ya gani da idonsa tana juyowa baya. Daga nan da kansa zai kwantar da fuskar bat ya ɗaga ta. Akwai wata ɗaliba a nan da ta kwashe mako guda ƙwallo na wuce ta ko taɓawa ba ta yi, har ta ce za ta daina zuwa. Ƙawayenta suka hana ta. Yau za ka ga wasanta.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Tun da aka shigar da shi gasar Olamfik a Seoul a 1988, Segun Toriola ya halarta sau 7, Funke Oshonaike ma haka. A Rio, a 2016, Quadri Aruna ɗan Oyo ya doke Timo Boll na Jamus, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga sahun takwas na ƙarshe. Muna alfahari da su, muna kuma kwaɗayin jin sunan ɗan jiharmu a cikinsu. Ɗalibanmu malaman gobe ne. Duk wanda ya fita nan da riƙo mai kyau, zai kai shi firamaren da aka tura shi, wurin yaran da hannunsu bai riga ya ƙage ba.

Kukanmu, ranka ya daɗe, ba mai tsawo ba ne. Tebura biyu gare mu, ɗaya ma ya kumbura a gefe saboda yoyon damina, ɗalibi sai ya fi daɗewa a layi kan lokacin da yake wasa. Da hunturu in an buɗe taga iska ta kwashe ƙwallo, ƙura ta kwanta a roba ta kashe juyi, har za ka ga yara suna hura wa bat numfashi suna gogewa da tafi. Da bazara kuwa fanka ba ta kunnuwa, don ita ma ɗaukar ƙwallon take. Muna roƙon ƙarin tebura da ƙwallayen atisaye, da gyaran rufin nan, da tallafin da zai kai zaratanmu gasar NICEGA ta kwalejojin ilimi.

Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya. Yanzu, da izininka, ɗalibai za su nuna abin da suka koya. Mun kuma ajiye maka bat guda a kan tebur, muna roƙon ka buɗe mana da sabis na farko.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.