Digirin Antropoloji Ya Samu, Saura Aikin

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Malam Bashir, wata ɗaliba ce ta aiko tambaya. Ta kammala digiri a antropoloji, wato ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, tana son etnografi, wato binciken rayuwar al'umma ta hanyar zama cikinsu, ya zama sana'ar da za ta riƙe kanta da ita. Ta ina za ta fara?

Bashir: Ta daina neman kalmar etnografi a tallan aiki, da wuya ta gan ta. Kamfanonin fasaha "mai binciken UX" suke rubutawa, wato mai nazarin yadda mutane ke amfani da kayansu, ƙungiyoyin lafiya da na agaji kuma su ce mai binciken zamantakewa. Aikin dai ɗaya ne: ka zauna cikin mutane, ka lura da abin da suke yi, domin sau da yawa ya sha bamban da abin da suke faɗa.

Hadiza: Wai kamfani ya biya mutum ya zauna ya zuba ido?

Bashir: Sosai ma. Masaniyar antropoloji Lucy Suchman ta shiga cibiyar binciken Xerox, kamfanin na'urorin kwafi, a 1979. Ta ɗauki bidiyon manyan masana kwamfuta suna ta fama da na'urar kwafi, ta gagare su. Nan aka ga ashe matsalar tana cikin tsarin na'urar. Kamfanin Intel ma ya ɗauki wata masaniyar antropoloji, Genevieve Bell, a 1998.

Hadiza: Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne Ebola a 2014, a Gini da Laberiya da Saliyo. Masana antropoloji sun taimaka aka gyara tsarin jana'iza, aka kare masu rai ba tare da an wulaƙanta mamaci ba.

Bashir: Haka ne, Malama. Amma ɗalibar ta san lokaci ne zai matse ta. Masanin antropoloji Malinowski ya yi kusan shekara biyu yana bincike a tsibiran Trobriand na tekun Pasifik tsakanin 1915 da 1918. Ita 'yan makonni za a ba ta, kuma shafi biyu ake so, wanda manaja zai karanta ya yanke shawara. Ta zaɓi wani ƙaramin wuri yanzu, ta yi bincike, ta rubuta shi gajere. Shi za ta nuna a ganawar aiki.

Hadiza: Mutanen da za ta zauna da su fa?

Bashir: Ta nemi izininsu tukuna, ta faɗa musu wanda ke biyanta da inda bayanan za su je. Idan mai aikin ya ce ta ɓoye musu, ta bar masa aikinsa.