Gansakuka ta Cinye Bayan Sito

Auta: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake saduwa. Yau a Yelwa ta garin Bauchi muke, ƙarƙashin rumfar Kawu, ga Anti ma ta iso. Tunda Agusta ya kama saƙo ɗaya ake ta turo mana, maganar gansakuka. Wani daga Fadaman Mada ya aiko hoton sitonsa, bangon ya yi kore shar.

Kawu: Ba sai an turo maka hoto ba, Auta. Zagaya bayan nawa siton ka gani. Daga ƙasa zuwa gwiwa duk ta mamaye, ka shafa hannu ka ji santsi kamar miyar kuɓewa.

Anti: Santsin nan ne ya tayar min da hankali, Kawu. Shekaranjiya 'yar maƙwabciyata ta zame a gindin rijiya da bokiti a ka. Allah ya taƙaita, gwiwa kawai ta ƙuje.

Kawu: Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da nake so mutane su gane, gansakuka ba ta zama sai inda ruwa ya samu wurin kwana. Danshi da inuwa, su ne abincinta. Garin Bauchi na samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, kuma mafi yawansa Yuli da Agusta yake zuba. Bango bai gama shan iska ba wani hadarin ya haɗo. Ita kuma in ta zauna sai ta riƙe laimar kamar soso. Filasta ta fara ɓarɓashi, katakon ƙofa ya ruɓe daga ƙasa, gara ta samu hanya.

Auta: Na karanta cewa a Ingila, inda suke yin ɗakin ajiya na katako a lambu, bangon arewa ne ya fi kamawa.

Kawu: A can haka ne, don rana ta kudu take bi musu shekara duka. Mu nan daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take ratsawa. Kai dai dubi gabas. Daga can hadarinmu ke tasowa, shi ya sa maginan da suka fi ba bangon gabas kulawa, su yaɓe shi da makuba. Sannan ka dubi inda indararo ke zuba, da inda bishiya ta yi rumfa.

Anti: Kamar mangwaron nan da ya kwanta a kan kwanonka.

Kawu: Wannan ba a taɓa min shi!

Anti: Reshe biyu kawai, Kawu.

Kawu: Reshen da kike nunawa shi ya fi kowane 'ya'ya. Binta suga ce fa. Baba ne ya dasa ta da hannunsa shekarar da aka haifi babanku, Auta.

Auta: Ita ce wadda muke jifa da takalmi muna yara?

Kawu: Ita ce. Har yau akwai silifas ɗinka ɗaya a sama.

Anti: Ni kwandon da ake aiko min lokacin zafi nake tunawa. Inna ta jera su cikin buhu da ƙaiƙayi, kwana uku ƙamshi ya cika ɗaki. Na kasuwar Muda Lawal ba sa kama ƙafarsu.

Kawu: To kin ji da bakinki, kuma kike cewa a sare.

Anti: Sassabe na ce, don rana ta samu ƙofa. Ganyen ma ya cika bakin kwano, ruwa na bin bango.

Kawu: Wannan kam gaskiya ce. Bayan damina za a rage.

Auta: To wanda tasa ta riga ta fito fa?

Kawu: Ya jira ranar da gari ya washe. Ya fara kankare ta da buroshi mai tauri. Sai ya haɗa bilic, wato ruwan nan na wanke fararen kaya, kofi 1 da ruwa kofi 4, ya shafe wurin, ya bar shi kamar minti 15, ya sake gogewa ya ɗauraye. Ya sa safar hannu, ya kare idonsa. Kuma don Allah kada a haɗa bilic da maganin wanke masai ko wani asid. Iskar da ke tashi guba ce, tana shaƙe mutum, balle a cikin sito mai taga ɗaya.

Anti: A kori kaji tukuna. Kuma ruwan ɗaurayar kada ya gangara cikin alayyafo, ƙone shi yake yi.

Kawu: Kwano ma ba ya son bilic, tsatsa yake jawo masa. Ginin ƙasa kuwa kada a kusance shi da ruwa sam, a kankare a bushe a sake yaɓe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai sayen fenti ya lafta a kan koren. Wata biyu ya ɓare, kuɗi sun tafi. Ka bari sai hunturu ya busar da bangon har ciki. Kafin nan ka yi dabe mai gangara a gindinsa, ka ja magudana nesa.

Anti: Ni cikin siton ya fi damuna. In waje ya yi kore, ciki ma da laima. Buhun masara ko gyaɗa da aka jingina da bango sai ya yi funfuna, kuma funfunar gyaɗa tana da dafin da ke lalata hanta. A ɗora buhu kan katako, a bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango.

Auta: Saura tambayar mai ɗakin kaji daga Gombe, ya ce ko farar ƙasa za ta...

Kawu: Tsaya, kun ji kwano? Ya sauko. Auta, ɗauke na'urar nan, rumfar tana yoyo ta ɓangarenka.

Anti: Wayyo, shanyata!

Auta: Mai kaji ka yi haƙuri, sai mako mai zuwa. Kawu, miƙo min ledar can.