Me ya sa tayar jirgin ruwan nan ke juyawa baya alhali gaba yake yi?

A wannan tsohon bidiyon na jirgin ruwa, ku dubi babbar tayar da ke bayan jirgin, wadda ke tura ruwa ta tafiyar da shi. Baya take juyawa, jirgin kuma gaba yake tafiya. Da yawa masu ganin irin waɗannan tsofaffin hotuna cewa suke an juya bidiyon ne, wasu su ce inji ya lalace. Babu ko ɗaya. Da gangan matuƙin ya sa ribas.

Wannan kogin Yukon ne, a can arewacin Kanada. A 1896 aka gano zinariya kusa da inda kogin Klondike ke shiga cikinsa, a ƙasar ƴan asalin wurin, Tr'ondëk Hwëch'in. Kafin shekara biyu garin Dawson ya cika maƙil da baƙi. Babu titi. Jirgin ƙasa ya iso garin Whitehorse a 1900, nan ya tsaya. Sauran kilomita kusan 740 zuwa Dawson sai ta ruwa, cikin jirage masu injin tururi da ke cin itace. Ga itacen nan jibge a bakin kogi, a tsaya a loda, a wuce.

To, ga inda ake ruɗewa. Kowa ɗauka yake hawan kogi shi ne wahala. Gaskiya ne yana cin lokaci, kwana huɗu zuwa biyar, gangarowa kuwa kwana ɗaya da rabi. Amma gangarowar ce ke sa matuƙi gumi.

Jirgi ba ya jin sitiyari sai ruwa na gogar allunan da ke juya shi. Idan kana hawa, ruwa na zuwa maka ta gaba da ƙarfi, ka murza kaɗan jirgi ya amsa. Idan kana gangarowa, kai da ruwan tafiya ɗaya kuke yi, allunan ba su da abin kamawa sosai. Ka ƙara wuta don su kama, sai ka isa kwana da gudun da ba ka da burkinsa. Kamar mai amalanke ne a gangara, riƙewa ce aikinsa, ba turawa ba.

Ku dubi zanen nan da kyau. Allunan a gaban tayar suke, ƙarƙashin gindin jirgin. Da an sa ribas, tayar sai ta watsa ruwa a kansu kai tsaye. Abu biyu ke nan a lokaci guda: gudu ya ragu, gindin jirgi kuma ya koma hannun matuƙi. Sai ya riƙe gindin a inda yake so, ya bar ruwa ya ja goshin ya zagaye kwanar. Ku sake kallo a hankali. Kun ga goshin na karkata? Ruwa ne ke wannan aikin, injin riƙewa kawai yake yi. Ni dai a ganina babu gwaninta a kogin nan da ta kai wannan, ga shi sau da yawa da wani kwale-kwalen kaya ake turawa a gaba.

Idan lissafi ya kuce, sai tudun yashi ko dutse. Jirgi na farko mai suna Klondike, wanda aka ƙera a 1929, haka ya ƙare a 1936. Aka kwashe injinsa aka sa wa na biyu a 1937. Wannan da kuke gani ke nan, tsawonsa mita 64, amma abin da ke nutse cikin ruwa bai fi mita ɗaya da ɗan wani abu ba ko da kaya.

Hawan ma da nasa. A wani wuri da ake kira Five Finger, duwatsu huɗu sun raba kogin biyar, ƙofa ɗaya ce ke biyuwa. Igiyar waya aka kafa a dutse, jirgi ya kama ta ya naɗe, ya ja kansa sama.

Duk wannan kuma na wata huɗu zuwa biyar ne a shekara, sauran lokacin kogin ƙanƙara ne. Tafkin Laberge, da kogin ke ratsawa, ya fi jinkirin narkewa, har baƙin hayaƙi ake barbaɗa masa don rana ta kama shi da wuri.

Titi ya isa Dawson a shekarun 1950, Klondike ya daina aiki a 1955. Yanzu yana kan tudu a Whitehorse, an adana shi don tarihi. Wani jirgin irinsa mai suna Keno kuma yana Dawson.