Amsoshin Tambayoyinku: Shin wanda ya mutu yana sake dawowa a jikin wani?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabana yau, daga garuruwa uku, amma duk rijiya ɗaya suke ja.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Maraɗi. Yana cewa: "Na ji wai a Indiya akwai yaran da ke tuna rayuwar da suka yi kafin a haife su, har su nuna gidansu na dā. Gaskiya ne, ko ƙanzon kurege?"

To Malam, labaran dai akwai su, kuma ba a bakin kasuwa aka ƙaga su ba. Wanda ya fi shahara shi ne na Shanti Devi, wadda aka haifa a Delhi a 1926. Tana 'yar shekara huɗu ta fara cewa ita matar aure ce, gidanta yana garin Mathura, mijinta mai sayar da yadi ne, kuma ta rasu 'yan kwanaki bayan ta haihu. Da aka bincika, sai ga wani ɗan kasuwa a Mathura wanda matarsa, Lugdi Devi, ta rasu a 1925 bayan haihuwa. Magana ta kai kunnen Mahatma Gandhi, aka kafa kwamiti a 1935, aka kai yarinyar garin, kwamitin ya dawo yana cewa ya gamsu. Sai dai akwai abin da masu ba da labarin kan tsallake: kafin wannan tafiya an riga an yi musayar wasiƙu tsakanin gidajen biyu, mijin da wani ɗan'uwansa ma sun zo Delhi sun gan ta. Bayan irin wannan cuɗanya, wa zai iya rabe abin da yarinya ta zo da shi da abin da ta tsinta a bakin manya?

Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan batu shi ne Ian Stevenson, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, wanda ya rasu a 2007. Ya yi kusan shekara 40 yana yawo Indiya, Siri Lanka, ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), Lebanon, har ƙasar Ibo ya zo, ya tattara labaran yara fiye da 2,000. Ya lura yaran kan fara maganar tsakanin shekara biyu zuwa huɗu, su daina wajen shekara bakwai, kuma da yawansu mutuwar haɗari ko kisa suke ba da labari. Ina ganin girman mutumin, don shi kansa bai ce ya tabbatar ba, cewa ya yi labaran suna nuni. Amma masu sukarsa sun kama shi a inda ba ya da mafita. Galibi yakan iso ne bayan watanni ko shekaru, dangin biyu sun riga sun haɗu, labari ya sha gyara. Ta bakin tafinta yake tambaya. Sannan mafi yawan labaran daga wuraren da aka riga aka yi imani da abin suke fitowa, kamar mabiya Hindu da Buddha, da Duruzawa, wata al'ummar addini a Lebanon da Siriya. Inda kaka take jiran mijinta ya dawo, kalma ɗaya daga bakin jika ta isa a gina gida a kanta.

Ka kuma tambayi matsayin addini. Larabawa na kiran wannan aƙida tanasukhul arwah, kuma malaman Musulunci, Sunna da Shi'a, sun yi watsi da ita. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo wa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce masa a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar da za a tashe su. Kiristoci ma suna karanta a Ibraniyawa 9:27 cewa sau ɗaya aka ƙaddara wa mutum ya mutu, bayan nan sai shari'a.

Wasiƙa ta biyu gajeriya ce, daga wani direban babbar mota a Kumasi. Ya ce ranar da ya fara shiga Agadas sai ya ji kamar ya taɓa tsayawa a wannan lungun, gaban wannan ƙofar, alhali bai taɓa zuwa ba.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, kusan mutum biyu cikin uku sun taɓa jin haka. Faransawa suka raɗa masa suna deja vu, wato "an taɓa gani". Ƙwaƙwalwa ce ke ba da alamar sabo ba tare da ta kawo abin da ya jawo sabon ba. Wataƙila ginin ƙasar ya yi kama da wani da ka gani kana yaro. An fi samunsa ga matasa da wanda ya gaji, kuma wa ya kai direban doguwar hanya gajiya? In dai abin ya yawaita, yana zuwa da ɗaukewar hankali ko jin wani baƙon wari, to ka ga likita, don wani nau'in farfaɗiya yakan fara da haka.

Ta uku ita ce ta hana ni barci. Wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye kusa da Zariya, ƙanenta ya rubuta mata. Ta ce ta binne 'ya'ya uku, babu wanda ya kai shekara uku, yanzu tana goyon na huɗu. Tsofaffin gidan suna cewa wabi take yi, yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Tana tambaya: "Shin ɗana ne yake wasa da ni?"

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya sa masu ceto ne, Ya raya wanda ke bayanki. Ɗanki ba ya wasa da ke. Yara uku ne daban-daban kika rasa, kowanne da ransa.

Na san wannan ciwon tun ina yaro. A unguwarmu akwai wata mata da ta binne huɗu. Da ta haifi na biyar, aka kai shi kan juji aka ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko shi kamar tsintuwa, aka yi ta kiransa Ajuji. Irin waɗannan sunaye, su Ajuji, Ayashe, Abarshi, duk roƙo ne a ɓoye, na uwar da ta gaji da haƙa ƙaramin kabari. Ina tuna yaron yana rarrafe, bayan hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura suntum, idonsa rawaya, yana tsala kuka in an taɓa shi. Muna cewa maita ce ko iska. Sai da na girma na gane alamomin amosanin jini ne, wato sikila, ƙarara.

Ba mu kaɗai muka yi wa abin wannan fassara ba. Yarbawa na cewa abiku, Ibo na cewa ogbanje, har akan yi wa gawar yaron tsaga ko a yanke ɗan yatsa, wai don a gane shi in ya dawo. A 2001 wata masaniya mai suna Esther Nzewi ta wallafa binciken da ta yi a kan yara 100 da danginsu suka ce ogbanje ne. Da aka auna jininsu, 70 daga ciki sikila gare su.

Ga yadda abin yake. Uwa tana da nau'in jini (jinotayif) AS, wato tana ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, uba ma AS, dukansu lafiya lau, ba su san suna ɗauke da komai ba. Kowane ciki aka samu, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da SS, wato sikila. Lissafin kuwa sabo ne a kowane ciki, shi ya sa gida ɗaya kan iya samun uku a jere. Jaririn yakan fito kyakkyawa, sai wajen wata shida ciwo ya fara, don a lokacin ne jinin da ya zo da shi daga ciki yake ƙarewa. Yara suna kama da juna don uwa ɗaya uba ɗaya ne, ciwonsu iri ɗaya, tafiyarsu a shekaru kusan ɗaya. Dole tsohuwar da ke kallo ta ce wancan ne ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa.

Ba na ce lallai sikila ce ta ɗauke miki 'ya'ya ba. Zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa da rashin jituwar jinin uwa da na jariri duk suna yin wannan ɓarna a gida ɗaya. Awon jini ne zai raba gardama. Ki roƙi maigida ku je babban asibiti ku uku, ke da shi da jaririn, ku ce a duba muku jinotayif. In an samu SS ne, akwai abin yi: rigakafi a kan lokaci, maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da likita zai rubuta, gidan sauro kowane dare, ruwan sha da yawa, a rufe shi da kyau lokacin hunturu, kuma duk ranar da jikinsa ya yi zafi a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Masu sikila da yawa sun girma, sun yi karatu, sun yi aure.

Ƙanen da ya rubuto wannan wasiƙa, kai nake roƙo: ka raka su, kuma in sakamako ya fito ka sake rubuto mana. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.