Angkor Wat: ginin dutse da ruwa ke riƙe da shi

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa ƙura wa tutar ƙasar Kambodiya ido, ya ga hoton wani farin gini mai hasumiyoyi a tsakiyarta. Wannan ginin shi ne Angkor Wat, da ke kusa da birnin Siem Reap. A jikin tuta hasumiya uku ake gani, amma a zahiri biyar ce, ta tsakiyar ta kai mita 65, kowacce an fasalta ta kamar furen bado da bai gama buɗewa ba.

Sarkin Khmer, wato mutanen Kambodiya, Suryavarman na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta a 1113, shi ya sa aka gina wurin domin bautar Vishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar addinin Hindu. Daga baya mabiya addinin Buddha suka gaje shi, kuma har yau su ke ibada a ciki. Filinsa ya haura hekta 160. Ƙofarsa yamma take kallo, saɓanin yawancin wuraren bautar Khmer da ke fuskantar gabas.

Aikin hannu kam, sai wanda ya gani. Babu siminti a tsakanin duwatsun, gogar juna aka yi musu har suka zauna daram, a wasu wuraren da ƙyar ido ke gane mahaɗa. Katangar waje da harsashi an yi su ne da marmara, irin jan dutsen nan da muka sani a ƙasarmu, sannan aka yi ainihin ginin da dutsen yashi da aka sassaƙo daga tsaunin Kulen, tafiyar kusan kilomita 40. A wani bango na gabas akwai sassaƙa mai tsawon kusan mita 50: rundunoni biyu sun kama wani ƙaton maciji, waɗannan ta kai, waɗancan ta wutsiya, an naɗe shi a jikin wani tsauni suna ja suna saki. A imaninsu, tekun madara suke burgawa, kamar yadda mace ke murza maburgi a tukunyar miya. Ko ba ka yarda da labarin ba, dole ka jinjina wa hannun da ya fito da kowace fuska da kowane yatsa a jikin dutse.

To amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ba a sama yake ba, a ƙasa yake. Ruwa ne.

An kewaye Angkor Wat da tafki mai faɗin mita 190, kewayensa ya haura kilomita 5. Baƙo zai ɗauka ado ne ko kariya daga abokan gaba. Masana ruwa kuwa sun ce aikinsa ya wuce haka. Ginin a kan yashi yake zaune, kuma yashi in yana da danshi yana da ƙarfin ɗaukar kaya, in ya bushe sai ya saki. Kambodiya tana da damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, da rani mai tsawo. Tafkin nan shi ke shanye rarar ruwan damina, ya kuma hana ƙasa bushewa da rani. Ashe nauyin duk waɗancan duwatsun, danshin ƙasa ke ɗauke da shi shekara ɗari tara.

Ba haikalin kaɗai ba, tsohon birnin Angkor da ke kewaye da shi ma haka aka tsara shi. Tun kafin a aza tubalin Angkor Wat, mutanen Khmer sun tayar da wata ma'ajiyar ruwa da ake kira Baray ta Yamma, tsawonta kusan kilomita 8, faɗinta 2, kuma har gobe akwai ruwa a cikinta. A 2012 masu bincike sun bi ta saman dajin da jirgi mai saukar ungulu ɗauke da na'urar haske da ke ratsa ganye, sai ga taswirar tituna da magudanai da kududdufai ta bayyana a ƙarƙashin itatuwa. Wani jakadan China, Zhou Daguan, da ya sauka birnin a 1296, ya rubuta cewa ana girbi sau uku ko huɗu a shekara.

Da ruwan ya juya baya, sai birnin ya fara tangal-tangal. Binciken da aka yi a jikin tsofaffin itatuwan yankin ya nuna an yi dogon fari a ƙarni na 14 da farkon na 15, ana kuma samun ambaliya a tsakani, wadda ta farfasa magudanai ta cike su da yashi. Sojojin masarautar Ayutthaya daga ƙasar da yanzu ake kira Thailand suka auka wa birnin a 1431, fadar sarki ta koma kudu, wajen Phnom Penh, babban birnin Kambodiya na yanzu.

Sau da yawa za ku ji ana cewa wani Bafaranshe, Henri Mouhot, shi ya gano wurin a 1860. Wannan magana ba ta yi wa mutanen Khmer adalci ba. Malaman addinin Buddha ba su taɓa barin Angkor Wat ba, kuma tun 1586 wani limamin Kirista ɗan Fotugal ya ziyarce shi. Abin da Mouhot ya yi shi ne kai labarin Turai.

A 1992 hukumar UNESCO ta sa Angkor cikin wuraren tarihi na duniya, bayan shekarun yaƙi da mulkin 'yan gurguzu na Khmer Rouge. Yanzu baƙi na tururuwa tun da asuba don ganin fitowar rana a bayan hasumiyoyin. Otal-otal sun cika Siem Reap, da yawansu daga rijiyoyin burtsatse suke jan ruwa, kuma masana sun daɗe suna gargaɗin cewa in aka ci gaba da zuƙe ruwan ƙasa, yashin da ke ƙarƙashin tsofaffin gine-ginen zai iya motsawa. Shi ya sa hukumar APSARA mai kula da wurin ta koma ga dabarar magabata: tana gyara tsofaffin magudanai, tana sake cika tafkunan da suka ƙafe shekaru aru-aru da suka wuce.